Wace ƙofa ƙungiyar wasan daɓe za ta ƙwanƙwasa a birnin Kano?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu matasa ne 14 a wata unguwa cikin birnin Kano, muna da ƙungiyar wasan daɓe, wani lokaci mukan haɗa da waƙa da kalangu. Shekara 3 ke nan muna gwaji a zauren gidan mahaifin ɗayanmu. Sau biyu muna kai wa ƙaramar hukumarmu takardar neman tallafin kuɗi, ko amsa ba mu samu ba. Ina jin labarin a wasu ƙasashe hukumar birni ce ke ɗaukar nauyin masu fasaha. Shin a nan akwai irin wannan? Kuma me ya rataya a wuyan hukuma game da irinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa wannan uba albarka da ya ba ku zaurensa shekara 3, domin abin da ya yi muku shi ne ainihin abin da ya kamata ku nema a wajen hukuma. Zan dawo kan wannan.

Ka fara sanin cewa Kano ba ta da hukumar birni guda ɗaya irin wadda kake jin labari. Abin da muke kira birnin Kano a yau ya rabu ne tsakanin ƙananan hukumomi 8: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kowace da ciyaman ɗinta da kansilolinta. Idan ka tsallaka Nijar, a Maradi ko Damagaram, za ka tarar da ofishin magajin gari da ke kallon gari a dunƙule, ga kuma gidajen matasa da al'adu inda ƙungiya irin taku kan samu dandamali. A Kano aikin nan a warwatse yake: wani a hannun jiha, wani a hannun fada, wani a hannun tarayya, ɗan abin da ya rage ya faɗo wa ƙaramar hukuma.

Gidan Makama, alal misali, yana tsakiyar birni daura da gidan Sarki, amma hukumar gidajen tarihi ta tarayya ce ke riƙe da shi. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Bature Hanns Vischer ya zauna ya kuma buɗe makarantar boko a 1909, yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Wannan hukuma ita ce gidanku na farko, don ita ke hulɗa da makaɗa da masu raye-rayen gargajiya, kuma ta irin wannan hanya jihohi ke fitar da tawagar da za ta wakilce su a bikin al'adu na ƙasa, NAFEST. Sai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001. Ita aikinta sa ido da ba da lasisi, kuma ranar da kuka ɗauki wasanku a kyamara kuka ce za ku fitar wa jama'a, kun shiga hurumin ta. Gara ku je da ƙafarku ku ji sharuɗɗanta tun kafin ku kashe kuɗin ɗauka.

To, ita ƙaramar hukuma fa? Jadawali na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ya zayyana ayyukanta, kuma babu inda ya ce ta raba wa masu wasa kuɗi. Amma ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota, da samar da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a, da tsara allunan talla na kan titi, da sa wa tituna suna. Ka karanta wannan da idon mai wasan daɓe, za ka ga kusan duk abin da ke hana ku fitowa yana ciki: inda za ku tsaya, inda 'yan kallo za su zauna, inda za ku manna sanarwa.

Shi ya sa nake ganin takardunku biyu sun nemi abin da ya fi wuyar samu. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, amma shekara da shekaru kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya ke lashe mafi yawansa. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, sai dai aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya. Jami'in da takardarku ta isa teburinsa, in babu layin irin wannan kashe kuɗi a kasafin shekarar, ko yana sonku ba shi da inda zai ciro. Ba ina wanke shirun da aka yi muku ba ne. Amsa ko da ta ban haƙuri ce haƙƙinku ce. Amma ɗakin taron sakatariya da ke kulle tun daga yammacin Juma'a har safiyar Litinin, ko filin makarantar firamare bayan an tashi, ko kujeru da rumfar da ke jibge a sito, waɗannan ba sa jiran kasafi. Sa hannun mutum ɗaya ne.

Wuri shi ne abin da ya fi yi mini ciwo a wannan gari. Wanda ya taso a shekarun 1980 ya san ƙungiyoyin wasan kwaikwayo sun samu gindin zama ne saboda akwai inda za su nuna abinsu: gidan talabijin na CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta assasa, wanda yanzu ake kira ARTV, da ɗakunan taro na makarantu, da gidajen sinima irin su Plaza da Orion da Marhaba. Daga cikin waɗannan ƙungiyoyi ne Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin bidiyo a 1990, abin da ya girma ya zama Kannywood mai ciyar da dubban gidaje. Ba wanda ya zauna ya tsara masana'antar a takarda. Samari ne suka samu ɗaki da wuta da 'yan kallo, basira ta yi sauran. Yau da yawa daga tsofaffin sinimomin sun rufe ko sun koma wata harka, filayen unguwanni an yanka su shaguna, ko badala ba ta tsira ba. Da tarayya ta zo da maganar gina ƙauyen fim a garin Kofa a 2016, sai aka janye bayan malamai da jama'a da dama sun nuna rashin amincewa. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, aikin al'ada da aka sauko da shi daga sama ba tare da an zauna da mutanen gari ba, da wuya ya kafu. Ƙaramin fili da mai unguwa da liman suka san da shi ya fi dorewa.

Kada kuma ka manta da fada. Kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, tun zamanin En'e, sarauta ce uwar makaɗa da maroƙa, har yau kuma wani kaso na kuɗin ƙananan hukumomi na tafiya majalisar masarauta. Hawan Sallah, daga Hawan Daushe zuwa Hawan Nasarawa, wanda UNESCO ta saka cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024, shi ne babban misalin yadda fada da hukuma ke haɗa hannu: hakimai su fito da tawagarsu, hukuma ta kawo tsaro da shara da tare hanya. Da aka dakatar da hawan Babbar Sallah a 2024, ka tambayi masu ɗinkin kayan doki da masu ba da hayar dawaki da 'yan algaita, za su gaya maka al'ada abinci ce. Haka tashe: an sha hana shi a watan azumi saboda 'yan daba da ke fakewa da shi. Da kowace ƙaramar hukuma za ta ware fili guda mai haske da 'yan sintiri na wasu darare, da yara sun yi tashensu lafiya, gadon bai yanke ba.

Yanzu ga abin da zan ce ku yi. Ku yi wa ƙungiyar rajista, ku buɗe asusun banki da sunanta, don hukuma ba ta hulɗa da taron da ba shi da takarda. Ku fara da mai unguwa, ya kai ku wajen dagaci ko hakimi, ku samu wasiƙar shaida. Sannan ku nemi kansilan mazaɓarku, shi ne ya san ƙofar ciyaman, kuma ƙuri'arku yake nema. Takardar ku kai ta sashen da ke kula da walwalar jama'a da ci gaban al'umma, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. A cikinta ku ambaci abu ɗaya tak: ɗakin taro ranar Asabar daga ƙarfe 4 zuwa magariba, na wata 3, ku za ku share, ku za ku sayi man janareta.

Ku kuma tafi da abin da za ku bayar. Sashen lafiya na kowace ƙaramar hukuma na fama da wayar da kai kan rigakafi, tsaftar magudanan ruwa kafin damina da shaye-shayen matasa, kuma wasa na minti 20 a bakin kasuwa yakan isar da abin da lasifikar mota ba ta isarwa. Irin wannan aiki shi ke da kuɗi a kasafi, har ƙungiyoyin agaji kan biya. In kuna son sunanku ya shiga kasafin baɗi, ku gabatar da buƙatar tun wajen Satumba ko Oktoba, lokacin da sassa ke haɗa lissafinsu, ku haɗa da hotuna da adadin mutanen da suka kalli wasanninku a wata ukun nan.