Hukuncin Ajiye Maganin Farfaɗiya Da Sunan Tawakkali

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ƙanena yana fama da farfaɗiya tun yana ɗan shekara 14. Da likita ya ɗora shi a kan ƙwaya, safe da dare, faɗuwar ta tsaya, yanzu ya kusa shekara bai faɗi ba. Sai wasu dangi suka ce ciwon na iska ne, ƙwaya ba ta korar aljani, kuma ci gaba da shanta raunin tawakkali ne, suna kafa hujja da matar da ta zaɓi haƙuri a zamanin Annabi (SAW). Shin ya halatta ya ajiye maganin ya tsaya ga ruƙiyya kaɗai?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ƙanenki lafiya. Malaman fiƙihu ba sa yanke hukunci a kan abu sai sun san haƙiƙaninsa, saboda haka sai mu fara da abin da masana jikin ɗan Adam suka tabbatar game da wannan ciwo.

Ƙwaƙwalwa tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma saƙo yana bin kowace ƙwaya ne kamar ɗan tartsatsin lantarki, idan ya kai ƙarshenta sai ta saki wani sinadari ya tsallaka da shi zuwa ta gaba. Biyu daga cikin waɗannan sinadarai su ne suka fi shafar maganarmu: gulutamet, wanda ke zaburar da ƙwayoyin, da GABA, wanda ke tsayar da su. Ɗaya ƙaimi ne, ɗaya linzami. Idan ƙaimi ya yi yawa ko linzami ya saki, ko saboda rauni a ka, ko wahalar haihuwa, ko sanƙarau, ko gado, sai ɗimbin ƙwayoyi su tashi tare a lokaci guda, mutum ya sandare, ya yi ta karkarwa, ya ciji harshe, wani kuwa ya ƙura ido kawai na 'yan daƙiƙu bai san inda yake ba. Ana ma iya ganin alamar wannan hargitsi a na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa. Magunguna suna aiki ne a kan wannan ma'auni: fenobabiton, wanda aka fara amfani da shi tun 1912, yana ƙarfafa aikin GABA, kabamazefin kuma yana rage kwararar sinadarin sodiyom cikin ƙwayar jijiya don kada ta yi ta harbawa babu ƙaƙƙautawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kimanin miliyan 50 ke da wannan ciwo, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace.

Abin da danginku ba su lura da shi ba shi ne, ƙwayar maganin ba ta tumɓuke ciwon, riƙe shi take yi muddin tana cikin jini gwargwadon da ake buƙata. Shekarar da ƙanenki ya yi lafiya shaida ce ta cewa maganin yana aiki, ba shaidar cewa ya daina buƙatarsa ba ce. Yanke shi rana ɗaya yana iya jawo faɗuwa mai wuce minti 5, ko mai maimaituwa ba tare da farfaɗowa a tsakani ba, kuma irin wannan tana iya lahanta ƙwaƙwalwa ko ta kai ga rasa rai, balle idan ta same shi kusa da wuta, ko cikin ruwa, ko a kan hanya.

A Shari'a, Buhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma a hadisin Usama bin Sharik, Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Asalin neman magani halal ne, amma hukuncinsa yana sauyawa da halin mai ciwo. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko nakasa, kuma Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka. Halin ƙanenki yana ƙarƙashin wannan, domin amfanin maganin ya tabbata a jikinsa, haɗarin barinsa kuma sananne ne.

Hadisin matar ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi daga Ibn Abbas. Ta ce tana faɗuwa kuma jikinta yana yayewa, aka ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna, ko addu'ar samun lafiya, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi a yi mata addu'ar kada ta riƙa tsiraita. Sai dai a lura, babu wani magani tabbatacce a hannunta da ta ajiye, kuma alƙawarin Aljanna daga bakin da ba ya furuci da son rai ya fito mata, abin da babu wani dangi da zai iya yi wa ƙanenki. Ibnul Ƙayyim ma ya kasa farfaɗiya gida biyu, ta shafar aljanu da ta lalurar jiki, ya ce ta biyun fagen likitoci ce, kuma bai kore yiwuwar ta wannan mata ta kasance ta jiki ba. Ba ma musun shafar aljanu, amma jingina kowace faɗuwa gare su ba da hujja ba magana ce ba da ilimi ba, musamman ga wanda ƙwaya ta tsayar masa da ciwo.

Saboda haka bai halatta ƙanenki ya ajiye maganinsa ko ya rage shi da kansa ba, kuma wanda ya matsa masa har ya bari, yana da kamasho a cutar da ta biyo baya. Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata abu ne mai kyau, ya haɗa su da maganin, babu karo a tsakaninsu, kuma riƙo da sababi ba ya rage tawakkali. Idan yana fatan rabuwa da ƙwaya, likitoci kan duba hakan ga wanda ya yi aƙalla shekara 2 bai faɗi ba, su janye ta sannu a hankali, to ya kai maganar gaban likitansa. Haka nan kafin Ramadan ya nemi a daidaita masa lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur, ya kiyaye barcinsa domin rashin barci yana tayar da ciwon, idan kuwa likita amintacce ya ce azumi zai cutar da shi, yana cikin marasa lafiyar da aka yi wa rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 185.

Wallahu a'alam.