An Cire Kuɗin, Amma Ba Su Isa Ba: Amsoshin Wannan Mako

Tambaya: Malam, na je wajen mai POS zan ciri dubu ashirin. Na'urar ta fito da takarda cewa bai yi ba, amma kafin in bar wajen alat ya shigo cewa an cire. Mai POS ya ce shi ba ruwansa. Yaya zan yi? (Mai karatu daga Gusau)

Amsa: Mafi yawan lokuta gaskiyarsa ce, kuɗin ba su shiga hannunsa ba, sun maƙale ne a hanya. Kada ka shaƙe masa wuya. Karɓi takardar, ka ɗauke ta hoto nan take, domin rubutun takardar POS gogewa yake yi, kwana kaɗan a aljihu sai ta koma fara fat. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya da ta fara aiki ranar 8 ga Yunin 2020 ta ba bankuna awa 72 su warware rikicin POS da na sayayya ta intanet. In ATM ɗin bankinka ne ya ci kuɗin, nan take ya kamata su dawo, in sun ƙi kuwa kada a wuce awa 24. ATM ɗin wani banki awa 48. In lokacin ya wuce shiru, bankin da ya ba ka kati za ka nufa, ba bankin mai POS ba.

Tambaya: Na tura wa mai atamfa kuɗi, manhaja ta ce sun tafi, shi kuma ya rantse bai ga komai ba. In sake turawa? (Wata 'yar kasuwa daga Funtuwa)

Amsa: A'a, Hajiya, sai dai in kyauta kike son yi masa. Ki ce ya buɗe manhajarsa ya duba abin da ke cikin asusun, ya daina zaman jiran alat. Saƙon tes kan makara, wani lokacin ma ba ya zuwa sam. In da gaske babu, buɗe rasit ɗinki ki nemo doguwar lambar nan mai lambobi 30 da aka rubuta wa Session ID. Galibin kuɗin da suke fita daga wani banki zuwa wani ta NIBSS suke bi, wato cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya wajen tura kuɗi, kuma da wannan lambar ake bin sawunsu. Ki ba shi ya kai bankinsa, ke ma ki kai naki.

Tambaya: Malam, banki ya riƙe mini dubu arba'in da biyar sama da mako guda. Da na gaji sai na rubuta ƙorafi a shafinsu na Facebook. Ba a yi minti goma ba wani ya yi mini magana da tambarin bankin, ya ce zai dawo mini da kuɗin, in ba shi lambar katina da wata lamba da za a turo mini. Na ba shi. Yanzu har abin da ya rage a asusun an kwashe. (Malamar makaranta daga Zariya)

Amsa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malama, Allah Ya mayar miki da alheri. Amma ki yi haƙuri, yau sai na yi faɗa, ba da ke kaɗai ba, da duk masu aiko mini da irin wannan wasiƙa kusan kowane mako.

Mutumin da kuɗinsa suka maƙale shi ne naman da ɗan damfara ya fi so. Ransa a ɓace yake, a gaggauce yake, kuma ya riga ya yi shela a bainar jama'a: ga bankina, ga adadin kuɗin, ga ranar, wani har da lambar waya yake haɗawa. Me ya rage? Waɗannan mutane zaune suke a ƙarƙashin shafukan bankuna a Facebook da X kamar kuraye a bakin mayanka. Tambarin banki kuwa hoto ne kawai, yaro ɗan firamare ma zai iya kwafo shi ya liƙa. Abin da ya kamata ya tayar miki da hankali tun farko shi ne saurin. Bankin da ya yi mako guda bai kula ki ba, shi ne zai neme ki cikin minti goma yana ta ladabi?

Ku riƙe wannan da kyau: ba a buƙatar komai na sirri kafin a saka wa mutum kuɗi a asusu. Lambar asusun nan mai lambobi 10 ta wadatar, ita ce kike ba duk wanda zai turo miki kuɗi. Lambar da ke gaban kati, da lambobi 3 na bayansa, da lambar sirri, da OTP (lambar da banki ke turowa ta tes, mai aiki sau ɗaya), duk makullan fitar da kuɗi ne. Shi saƙon OTP ɗin ma yawanci a jikinsa an rubuta kada a ba kowa, amma wa yake karantawa? Ido na kan lambar kawai. Mutumin da ba zai ba ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya lambar sirrinsa ba, sai ga shi yana karanta wa baƙon murya ita dalla-dalla, har yana tambaya, "Ka ji ko in maimaita?"

Yanzu abin yi. Ki rufe katin yau ɗin nan, ta manhaja ko ta kiran lambar wayar banki da ke bayan katin, kada ki nemo lamba a Google ko a wajen masu sharhi. Ki canza duk lambobin sirri. Gobe da sassafe ki je reshe ki rubuta ƙorafin damfara, ki nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin suka tafi a ɗaure asusun. Ba zan yi miki alkawarin za su dawo ba, domin irin waɗannan kuɗi ba sa kwana a wuri ɗaya, amma kowace awa da kika ɓata riba ce gare su.

Su kuwa dubu arba'in da biyar na farko, har yanzu haƙƙinki ne. Ga al'adata, kuma ita nake tallata wa kowa har an gaji da ni: ƙorafi a rubuce, ta imel ko a takarda, sannan kada in bar wajen sai da lambar ƙorafi a hannuna. "Je ki dawo jibi" ba shaida ba ce. Ni ma wani banki ya taɓa yi mini yawo da hankali kusan wata guda a kan kuɗin da ba su kai na cefanen mako ba; ranar da na aika imel mai ɗauke da kwanan wata, adadi da lambar ƙorafi, sai labari ya canza. In mako biyu suka wuce bankin bai warware ba, ki tura ƙorafin ga sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki ta cpd@cbn.gov.ng, haɗe da shaidar cewa kin fara kai wa bankinki. In babu wannan shaidar, can za su mayar da ke.

Tambaya: Na yi kuskuren lamba ɗaya, dubu saba'in suka tafi wajen wanda ban sani ba. (Ɗan acaɓa daga Kaduna)

Amsa: Ƙanena, sunan mutumin ya fito a allo kafin ka danna, ko ba haka ba? To. Sanar da bankinka yanzu. Banki ba ya zura hannu a asusun mutum haka kawai. Sai mai asusun ya amince, in ya ƙi kuma galibi sai ka kawo umarnin kotu. Nan gaba, duk sabon asusu ka fara tura masa naira 100, a tabbatar maka ta shiga, sannan ka saki sauran.

Tambaya: Kullum sai in ga an cire mini naira 10.75 ko 26.88 bayan na tura kuɗi. Kuskure ne? (Ɗalibi daga Sakkwato)

Amsa: Ba kuskure ba ne, kuɗin turawa ne zuwa wani banki. Ƙa'idar Babban Banki ta 2020 ta sanya naira 10 har zuwa dubu biyar, 25 har zuwa dubu hamsin, 50 in an haura, sannan a ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kai. Waɗannan ba sa dawowa, kada ka ɓata kuɗin mota.