Injin babur ɗina na zafi: in ɗaura masa lagireton baƙin mai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Babur ɗina 150cc ne, irin wanda iska ke sanyaya injinsa, kuma ina doguwar tafiya da shi ɗauke da kaya. Kwanan nan in na yi kamar awa guda a hanya sai zafi ya riƙa dukan ƙafata, ƙarfinsa ya ragu, ga wani ƙas-ƙas da nake ji daga saman injin. Na sayi ƙaramin lagireton baƙin mai da mitar zafi, amma ban ɗaura ba tukuna. Mai yi min gyara ya ce in an ɗaura sai a zuba mai mai kauri sosai, wai shi ke riƙe sanyi. Tsorona kada injin ya buga, don da shi nake ciyar da iyali. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, injin da ke tashi yana ja bai mutu ba. Amma kada ka ɗaura kayan nan biyu rana ɗaya. Fara da mitar, ka yi mako guda kana hawa kana kallonta. Ƙafa ba ma'auni ba ce. Kan silindar da iska ke sanyayawa yakan haura digiri 150 yana lafiya lau, saboda haka dole ƙwauri ya ji a jikinsa. Abin da muke son sani shi ne zafin man kansa. In yana tsakanin digiri 90 da 110, injinka ba ya buƙatar lagireto, ka ajiye shi a kwalinsa. In yana zama a 120 zuwa 130 duk lokacin da ka ɗau hanya, to ka yi sayayya mai amfani.

Wurin da aka sa bakin mitar shi ne rabin aikin. Wadda ke shiga gurbin notin juye mai a ƙasan inji ita ce ke taɓa man sosai. Wadda ake maƙala zobenta a ƙarƙashin filogi zafin ƙarfe take karantawa, kuma na sha ganin mutum ya ga 170 a kanta ya faka gefen titi yana salati, alhali babu abin da ya samu injinsa. Kafin ka ɗaura, tsoma bakin a ruwa mai tafasa: ta nuna 100 ko kusa da haka, in ba haka ba ƙarya za ta riƙa yi maka. Ka gwada zaren notin da hannu, in ya cije kada ka tilasta shi da sifana, gindin inji alminiyom ne, nan da nan zare ke cinyewa. Wutarta kuma a ɗauko daga layin da makulli ke kunnawa, a sa fis, kada ta kwana tana shan batir.

Kafin ka ɗora wa man laifi, a duba bawul. Ƙas-ƙas ɗin nan na iya zama saiti ne kawai ya buɗe. A cire filogi a kalli bakinsa: in fari ne fat, wataƙila an matse kafireta don rage shan fetur, kuma injin da aka hana fetur zafi yake yi. A wanke laka daga tsakanin haƙarƙarin silinda.

Yanzu zancen mai kauri, wanda shi ne ya sa na zaɓi tambayarka. Wallahi na gaji da jin wannan magana. Kauri ba sanyi ba ne. Mai yana sanyaya inji ne ta hanyar yawo: ya hau sama, ya kwaso zafi daga kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) da ƙarƙashin fistin, ya sauko ya sauke shi a gindin inji, ya sake komawa. Gwargwadon saurin zagayensa, gwargwadon zafin da yake kwashewa. In ka zuba wanda ke tafiya kamar ƙaro, ka rage zagayen, ka kuma ƙara wa injin wahalar juya kansa a cikinsa, wahalar nan kuwa zafi take zama. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ƙara tana raguwa. Ƙas-ƙas ya yi shiru, mai babur ya yi murmushi ya ce wannan bakanike ya san aiki. Toshe wa injin baki aka yi, ciwon na nan.

Kada a yi min mummunar fahimta. In littafin babur ɗinka ya yarda da man da lambarsa 20W-50 a yanayin zafi, zuba abinka, babu laifi. Rigimata da masu tsallake abin da kamfani ya rubuta ne, su zuba man giyar mota, ko su ƙara wannan abin mai danƙo na cikin gwangwani da ake cewa yana “gyara” tsohon inji. Wasu ma har man mota mai sinadarin ƙara santsi suke zubawa, sun manta a yawancin babura kuloci a cikin man inji yake wanka, shi ya sa ake neman tambarin JASO MA a jikin galan. Bayan kwana biyu kuloci ya fara sulɓi, a ce faranti ne ya cinye, a sake sayen wani.

Haɗa wannan da lagireto kuwa, nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago. Famfon mai na ƙaramin inji ɗan mitsitsi ne, an yi shi ne daidai da lita ɗaya ko makamancin haka da ke zagaya gajeriyar hanya. A irin waɗannan injuna, wasu daga cikin lagireton da ake sayarwa daga layin da ke kai mai kan silinda suke ɗiba. Ma'ana duk ɗigon da zai isa kamshaf sai ya fara bi ta tiyo, ya ratsa siraran bututun lagireto, ya dawo ta wani tiyon. Ka tsawaita masa hanya, sannan ka ba shi kaya mai nauyi ya tura. Da safe, mai ya yi sanyi ya ƙara daskarewa, ka buga inji ka murɗa wuta nan take, sama kuwa a bushe. Na taɓa buɗe wani inji da aka yi wa wannan haɗin. Gindinsa cike da mai har alamar sama, amma ƙusoshin kamshaf sun yi shuɗi saboda ƙuna, rokokin da ke danna bawul sun yi zane kamar an ja su a kan dutse. Mai shi yana ta rantsuwa bai taɓa barin mai ya yi ƙasa ba. Gaskiya ya faɗa, man ne bai isa inda ake nemansa ba. Kuma abin takaici, mitarsa lafiya take nuna masa har ranar, don ita zafin gindi take gani.

Abin da ke ƙona min rai shi ne mai ba da wannan shawara ba zai biya ko washa ɗaya ba in injin ya buga. Zai ce ƙaddara ce, ko ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Jama'a, mu ji tsoron Allah a kan dukiyar mutane. In ba ka sani ba, ka buɗe littafin babur ɗin, lambar man tana rubuce a ciki, wani lokaci ma a jikin inji.

Sanyin da ya wuce kima shi ma ba alheri ba ne. Man da ba ya kai digiri 80 ba ya korar raɓar da ke taruwa a cikinsa, sai ka buɗe murfi ka ga wani fari-fari kamar madara. In lagiretonka ya zo da bawul mai buɗewa da kansa in mai ya yi zafi, madalla. In babu, ka rufe fuskarsa lokacin sanyi. Ka kuma sani iska ce ke masa aiki, a cunkoson da babur ke tsaye ba abin da zai tsinana maka.

In mita ta tabbatar kana buƙatarsa, a ɗaura shi inda iska ke bugawa, a murɗa kan babur dama da hagu har ƙarshe, a danna gaba da ƙarfi a ga taya ko murfinta ba su taɓa shi ba. Tiyo ya zama na mai mai zafi, ba na fetur ko na ruwa ba, kuma ya yi nesa da salansa, don tiyon da ya fashe a guje a kan tayar baya yake zubar da mai. Washar tagulla sabuwa a kowane noti. A cika lagireton da mai kafin a haɗa. Sai a tayar da inji a sulo, a buɗe murfin bawul ɗaya, ka sa ido da kanka: in ba ka ga mai yana fantsama a sama cikin daƙiƙu kaɗan ba, a kashe nan take. In ya iso, a bar shi minti biyu, a kashe, a sake auna mai, don abin da lagireto da tiyo suka shanye sai an cike gurbinsa.