Amsa ga ɗan'uwan da muryar sha'irinsa ta riga mandiri bayan ya yanka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun da safe, sai yanzu na samu zama. In na fahimce ka, ka sayi Tascam 2488 ta hannu, na'urar ɗaukar sauti mai layuka 24 da ake ɗaukar kowace murya ko kiɗa a layinsa, kun ɗauki ƙasida, sha'irin ya yi tuntuɓen harshe a baiti na uku, ka yanke wurin, sai muryar ta koma tana riga mandiri har ƙarshen waƙar. Ga kuma wani "ƙas" da ke fita daidai inda ka yanka. Kana tambaya ko na'urar ce ta lalace.

Lafiyarta ƙalau. Abin da ya same ka ya same ni, ni kam ma a gaban sha'iri da 'yan amshinsa shida, ina ta gumi ina cewa wanda ya sayar mini ya cuce ni.

CUT ka danna, ko ba haka ba? To CUT ba kuskuren kaɗai yake cirewa ba, har da lokacin da kuskuren ya ci. Idan ka sa IN da OUT, wato alamar farko da ta ƙarshen wurin da za a gyara, a kan daƙiƙa biyu ka yanke a layin murya, duk abin da ke bayan wurin zai matso gaba da daƙiƙa biyu ya cike gurbin, alhali layukan mandiri da na amshi suna nan inda suke. Kamar a cire mutum ɗaya daga tsakiyar sahu ne, sauran su matso, sahun baya kuwa bai motsa ba. Wanda kake buƙata shi ne SILENCE: yana share sautin ya bar gurbin da tsawonsa, sai ka dawo da sha'irin ya cike. CUT kuma wurinsa shi ne idan za ka cire baiti sukutum, kuma a nan dole ka zaɓi dukkan layuka 24 a yanke su tare. Haka abin yake tsakanin COPY PASTE da COPY INSERT, na farko yana ɗorawa a kan abin da ke wurin, na biyu yana tura komai baya ya samar wa kansa wuri. Na'urorin Roland VS ma haka suke, suna ne kawai ya bambanta, SILENCE su Erase suke ce masa.

Kada hankalinka ya tashi, muryar tana nan. Waɗannan na'urori ba kamar zamanin zaren kaset ba ne da ake sa reza a datse a liƙa. Sautin yana kwance a faifan ciki yadda aka ɗauke shi, abin da ka canja umarni ne kawai na "karanta daga nan, tsallake zuwa can". Ka danna UNDO, jerin abubuwan da ka yi zai fito, ka koma inda kake kafin yankan. Abu ɗaya da zai raba ka da ita har abada shi ne DELETE UNUSED. Wannan kada ka taɓa shi sai mai waƙa ya karɓi aikinsa ya ce ya gamsu, domin shi ne ke kwashe duk abin da ba a amfani da shi ya zubar, UNDO kuma ba ya dawo da shi.

Sai maganar "ƙas", wadda ita ce ainihin sana'ar. Sauti igiya ce mai hawa da sauka. Idan ka datse ta tana sama ka haɗa da wata da ke ƙasa, sifika za ta yi tsalle a wurin, tsallen nan shi kake ji. Maganinsa ka yanka inda igiyar ta kwanta. Ka shiga JOG, hoton sautin zai fito a ɗan allon nan, ka riƙa juya wilin a hankali da hedifon a kunne har ka ji inda kalma ta mutu. Allon ƙarami ne, ni na fi yarda da kunnena a kansa.

Ga abin da shekaru suka koya mini a kan ƙasida musamman. Kada ka taɓa yanka a tsakiyar jan murya, irin inda sha'iri ya ja "Rasulallaaah", ko ka yi shekara kana gyara sai an ji ɗinkin. Ka nemi kalmar da ta fara da harafi mai tsayawa, irin su b, t, k, ɗ, ƙ, domin kafin su fito baki yana rufe iska na ɗan ƙiftawar ido, akwai shiru ɗan mitsitsi a wurin, nan ne wuƙa ke shiga ba jini. Numfashi kuma ka bar masa abinsa. Da na fara, share duk wani jan numfashi nake yi wai don aiki ya fita tsaf, sai wani dattijo mai bege ya saurara ya ce, "Yaro, wannan ai ba mutum ba ne, ina yake shaƙar iska?" Tun ranar na daina. In za ka sa IN, sa shi kafin numfashin, sabon ɗauka ya shigo da nasa. Mandiri kuwa, ka yanka gab da saukar hannu, ƙarar sabon bugun za ta rufe ɗinkin. In ka yanka bayan bugu ka datse masa amo, kowa zai ji.

Akwai tambayar da ban ga amsarta a rubutunka ba: ɗaki ɗaya kuka ɗauka gaba ɗaya, ko murya daban? In ɗaki ɗaya ne, kuskuren sha'irin ya shiga makirufon mandiri da na 'yan amshi. Ko ka share layinsa za ka ji tsohuwar muryar can ƙasa-ƙasa kamar daga maƙwabta, tana karo da sabuwar. A nan gara ka cire baitin duka a dukkan layuka, ko su sake shi tare. In kuwa daban ka ɗauke shi, AUTO PUNCH ya ishe ka: ka sa IN da OUT, na'ura ta kunna masa daga ɗan baya, ya bi tsohuwar muryarsa yana rerawa, ita za ta shiga ta fita da kanta. Ka ce masa ya fara rerawa tun kafin wurin, kuma ya tsaya daidai tazarar da ya tsaya da makirufo da farko, in ba haka ba sabon zai fi tsohon kauri. Kafin duk wannan, ka yi CLONE TRACK na muryar zuwa wani layi da ba kowa, ka yi ɓarnarka a kan kwafin.

Wata dabara da za a ba ka ita ce ka ɗauki amshi ɗaya mai kyau ka liƙa shi ko'ina. Tana aiki idan kiɗan daga fiyano yake, tunda gudunsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Da mandiri ko kalangu ba ta yi. Masu bugu suna ƙara wuta idan waƙa ta yi zafi, amshin minti na biyu ba zai zauna a minti na tara ba, zai riƙa jan ƙafa. In dole ne, ɗauko na kusa da wurin.

Sai wuta. Na taɓa kwana ina gyaran ƙasida ɗaya, wajen ƙarfe uku na dare aka ɗauke, ban yi SAVE ba tun bayan isha'i. Da aka kawo, sai na tarar da waƙar yadda take kafin in fara. Ka sayi UPS, na'urar batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, ko ƙarama ce, ka riƙa adanawa bayan kowane gyara mai wuya, kuma kada ka kashe Tascam ɗin ta baya sai ka bi ta SHUT DOWN. Faifan da ke cikinta ma ya tsufa, samfurin farko tun 2004 ya fito, don haka ka riƙa kwashe aiki zuwa kwamfuta ta USB. Layi ɗaya a 24-bit yana cin kusan MB 8 a minti, ƙasidar minti 10 mai layi 16 ta haura GB 1, faifan CD ɗaya ba zai ɗauke ta ba.

Ka fara da UNDO ɗin tukuna, sannan ka gaya mana ko ɗaki ɗaya kuka ɗauka. Allah ya taimaka.