Robar gaban mota na cin fenti, me zan shafa mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Robar da ke tsakanin bonet da fitilun gaban motata ta fara cin fenti, har wani farin layi ya fito daidai inda take taɓawa. An ce in riƙa shafa mata man birki ko baƙin mai don ta yi laushi. Tsatsa nake tsoro. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tsoronka na bisa hanya, sai dai laifin ba na robar ba ne ita kaɗai. Yashi ne ke maƙalewa a ƙarƙashinta, mota na tafiya bonet na rawa, shi kuma yana ta gurzar wuri ɗaya kamar samfefa. Kaurin fentin kamfani gaba ɗaya bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), shafin sama mai ƙyalli kuwa 40 zuwa 50 ne kacal.

Batun man birki kuma, don Allah kada ka kuskura. Kullum sai an kawo mana motar da aka yi wa wannan ɗanyen aiki. Man birki mai lambar DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwaninsa da sinadarin gilaikol ake yin sa, kuma narkar da fenti yake yi. Ya kwana a wuri, da safe ka tarar fentin ya yi laushi ya tattare, ka sa farce ya ɓare. Wanda ya ba ka shawarar nan, in man ya ɗiga a jikin tasa motar ai da gudu zai nemo ruwa. To don me zai ce ka shafa a taka? Robar za ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi, shi ke ruɗin mutane, alhali man ya gangara ƙarƙashi inda ido ba ya gani. Baƙin mai ma bai fi ba. Yawancin robobin nan da wani nau'in roba mai suna EPDM ake yin su, mai ko gas ko giris na kumbura su. Roba ta kumbura ta ƙara danne fenti, ga maiƙo na tara ƙura.

Ɗaga robar, ka wanke ƙarƙashinta da ruwa da sabulun mota, ka bari ya bushe. Ja farce a kan layin. In bai maƙale ba, gogewa da folish ta wadatar. In ya maƙale, ko ka ga shafin ƙasa mai ruwan toka ko ƙarfe, sai mai fenti. Bamba ta roba ba ta tsatsa, amma bonet na ƙarfe ba ya jira. Bayan fentin ya bushe sosai a manna siririyar ledar kariya mai garai-garai, a daidaita robobin da bonet ke zama a kansu, a canja maƙalan da suka karye. Man silikon ne ya dace da robar, shi ma sai an gama fenti, domin sabon fenti ba ya kama inda silikon ya taɓa.