Ki kai shi asibiti yau, kada ki yi irin tawa

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar. Kin ce ruwan zafi ya ƙona yaronki a cinya, kina tsoron kai shi asibiti kada uban ya ji ya ce sakacinki ne, ya karɓe shi. Wannan tsoron ne ya kusa raba ni da ɗana.

Kin dai san sanyin Jos a Disamba. Na ɗora ruwan wanka a kan gawayi a gidanmu a Unguwar Rogo, na shiga ɗauko soso, sai ihu. Shekararsa uku, ni kuma wata biyar da sakina. Na shafa masa makilin, maƙwabciya ta ce a fasa ɗanyen ƙwai, na fasa. Kwana huɗu ina ɓoyonsa a ɗaki, ciwon ya fara ruwa har da wari, ga zazzaɓi. Ranar ƙanwar uban ta zo, wai ta kawo masa rigar sanyi. Yarinyar da na riƙe shekara biyu a ɗakina fa, ni nake mata kitso. Ta ɗaga zanen da na lulluɓe shi da shi, ta ce "sannu Anti", ta zaro waya ta ɗauki hoto a gabana. Ko mu tafi asibiti ba ta ce ba. Kafin sati sammaci ya iso. Har yau ban iya gaisawa da ita, Allah Ya isa.

A kotu alƙali bai tsaya kan ƙunar ba, ya ce tsautsayi ne. Abin da ya yi ta maimaitawa shi ne me ya hana ni kai shi asibiti tun ranar. Katin asibitina ya nuna sai a kwana na biyar na je. Kuka kawai na yi. Da ƙyar aka bar min shi.

Kuma ashe a Malikiyya riƙon ɗa namiji na uwa ne har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, in uwa ta rasa riƙon ma kakar wajen uwa ce ke biye. Kuɗin magani kuwa a wuyan uba yake.

Don Allah ki tashi, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko asibitin Plateau Specialist, duk wanda ya fi miki kusa. Kada ki ƙara shafa komai, ki rufe da tsumma mai tsabta. Kati da rasit ki adana. Ki tura wa uban saƙo da kanki ta WhatsApp kafin wata ta riga ki. In ya kai ƙara ki nemi lauyoyin mata na FIDA, suna taimakawa kyauta.

Nawa yana aji uku yanzu, har yau ba ya yarda ya sa gajeren wando saboda tabon.