Fatar birkin baya ta jiƙe da mai, an ce in toshe tiyo da ƙusa

Tambaya: Assalamu alaikum, maigida. A Tawa nake, ina da tsohuwar Toyota Corolla da nake kai iyali Keita da ita. Birkin baya ya fara ƙara, sai na sayo sabuwar fata da niyyar in canja da kaina a gida. Da na buɗe tambur na dama, wato kwanon ƙarfen da fatar ke shafa daga ciki, na tarar ciki ya jiƙe, ƙura ta cakuɗe da mai. Wani makanike a unguwarmu ya ce in mayar da sabuwar fatar in karɓi kuɗina, in wanke tsohuwar da isansi, shi kuma zai toshe tiyon wannan ƙafar da ƙusa, wai ai birkin gaba ke tsayar da mota. Hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka mayar da fatar, kuma kada motar nan ta ɗauki kowa sai an gyara. Yawancin Corolla da gaba suke ja, babu man giya a ƙafar baya, saboda haka jiƙewar nan kusan kullum daga ƙaramar silindar da ke tura fatar take. Ɗaga robar da ke bakinta da yatsa. In man birki ya fito, ta mutu. Sabuwa za ka sa, kuma ya fi ka canja ta hagun ma, tunda shekarunsu ɗaya.

Tsohuwar fatar kuwa a jefar. Fata tana tsotse mai har cikinta, isansi sama kawai yake wankewa. Da tambur ya yi zafi man zai sake tsattsafowa, wani lokaci birkin ya zame, wani lokaci ya cafke bagatatan.

Maganar ƙusa ce ta fi ƙona mini rai, domin kullum sai mota ta shigo gareji da ita: ko an cusa ƙusa a bakin tiyo, ko an lanƙwasa tiyon an daddake shi da guduma. Mai motar ya tafi yana murna, don feda ta yi tauri. Taurin nan ne yaudarar. Feda ta yi tauri ne saboda man ba shi da wurin zuwa, ƙafa guda kuma ta fita daga aiki. Gaskiya ne birkin gaba ke ɗaukar kaso mafi yawa, amma wa ya ce na baya ado ne? Ranar da ka cika mota da mutane, ka ɗora buhunan albasa ko hatsi a but, nauyi ya koma baya, aikin na baya ya ƙaru. Ka taka da ƙarfi a kan tsakuwa ko yashi, ƙafar hagu ta kama, ta dama tana ta gudu, sai gindin motar ya karkace. A gangaren duwatsun Adar kuma na gaba ne kaɗai zai yi ta shan wuta har ya yi zafi ya fara sakin jiki.

Akwai abin da masu ƙusar ba su taɓa tsayawa sun duba ba. A yawancin ƙananan motocin da ke ja da gaba, an raba hanyar man birki gida biyu a gicciye: gaban hagu tare da bayan dama, gaban dama tare da bayan hagu. An yi haka ne don in hanya ɗaya ta fashe a bar ka da ƙafa biyu. Kai da ka kashe bayan dama da hannunka, ranar da ɗaya hanyar ta fashe ƙafa guda tak ta rage maka, gaban hagu, ita kuma za ta fizgi motar zuwa hannun masu tahowa. Ƙusar ma ba abin dogaro ba ce. Iskar taya bar 2 ce da 'yan kai, amma matsin da ke cikin tiyo sa'ad da ka taka birki na firgita yakan wuce bar 70. Tiyon da aka daddaka ya riga ya raunana, ranar da ka fi bukatarsa ne zai tsage. Waɗannan mutanen su ne kuma za su ce in man birki ya ƙare a zuba ruwan sabulu ko man inji. Ruwa yana tafasa a digiri 100, sabon man birki samfurin DOT 3 kuwa sai ya kai 205, DOT 4 ya kai 230. Man inji kumbura robobin yake yi ya lalata su kaf. Duk wanda ya yi wa motar da ke ɗaukar mata da yara irin wannan aikin, ya karɓi kuɗi, ya san akwai ranar da za a tambaye shi. Kuɗin silinda nawa ne a kan rai?

To ga aikin. Ka tsaya a wuri mai tauri, ka tare tayoyin gaba, ka sa giya, ka saki birkin hannu. Kirik na ɗagawa ne kawai. Ka dafa motar da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri, ban da tubalin siminti, don fashewa yake yi ba sanarwa. In tambur ya ƙi fita, a jikinsa akwai ramuka biyu masu zare, ka ɗaura noti na milimita 8 a kowanne kaɗan-kaɗan, zai taso. Kada ka hura ƙurar da baki ko da iskar famfo, don wasu fatun har yanzu akwai asbestos a ciki, yana lahanta huhu. Ka jiƙa ta, ka goge da tsumma.

Ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai, kuma ka gama gefe guda kafin ka kwance ɗayan, domin ya zame maka abin dubawa. Ƙarfen da ke daidaita tazarar fata na hagu daban, na dama daban, kada ka musanya su. Fata ana canja ta duka ƙafafu biyu ne tare. Resor da ya yi tsatsa ko ya saki a sake shi. A jikin tambur an rubuta iyakar faɗin da aka yarda ya kai, in ya wuce ko ya yi zurfin zane, sabuwar fata ba za ta zauna daidai ba. Maiko ɗan ɗis a inda ƙarfen fatar ke gugar faranti, kada ya taɓa fuskarta. Tambur a buɗe kuwa, kada kowa ya taka feda.

Tunda za a kwance silinda, dole a fitar da iska daga tiyo, wannan kuma aikin mutum biyu ne. In ba ka taɓa yi ba, kira wanda ya iya ya tsaya a kanka, ban da mai ƙusar nan. Ka zuba man da aka rubuta a murfin tankin, daga gwangwanin da ba a buɗe ba. Ka daidaita har ka ji fata na shafar tambur kaɗan, ka taka feda sau da yawa, ka ja birkin hannu ka gani. Sannan ka gwada a fili kai kaɗai, a hankali. In feda tana nitsewa ko motar na ja gefe, a sake buɗewa kafin a yi maganar hanyar Keita.